Mai Niƙan da Ba Ta Niƙa Ba

Kwanan baya jikata ta ja ni gaban tele a gidan ɗana, wai in zo in ga abin mamaki. 'Yan mata ne dogaye a Yamai, kowace ta fito daga bayan labule ta taka a kan wani dogon dakali, ta je ƙarshe ta tsaya, ta juya, ta koma, mutane na ta tafi. Ta ce sunan aikin manike, kuma wai a lakwal, makarantar boko, an gaya musu da can a ƙasashen anasara ba a yarda baƙar mace ta yi shi ba, sai da wasu mata masu ƙarfin zuciya suka cije suka buɗe hanya. Na ce Allah Ya saka musu da alheri, amma ni manike ta farko da na sani a kan rairayin kasuwar Madarunfa ta taka, tsakanin masu daddawa da mahauta, kuma ni ne wawan da ya kai ta. Sai ta ce, "Kai tsoho, ka fara ruɗewa." To tun da ba ta yarda ba, bari in sa a rubuce da ɗan abin da ya rage mini na karatu. Inda na karkace a gyara, don ni da alƙalami ba mu taɓa zama aminai ba.

A zamaninmu tufafi ba abin wasa ba ne kamar yanzu da yarinya za ta sa kaya da hantsi ta tuɓe da azahar don wai an riga an gan ta da su. Zane daga gona yake farawa. A tsinko auduga, mata su gurje, su shiɓe, tsofaffi su zauna gindin bango da mazari suna kaɗi suna gulma, a kai wa masaƙi, a kai marina, daga nan sai wurin mabuga. Duk garin yana da sautinsa, kuma da kunne kake sanin lokaci. Kafin gari ya waye dutsen niƙa ne, gurr, gurr, daga wannan gida zuwa wancan, kowace mace da waƙarta, wata tana yabon uwarta, wata tana yi wa mijinta habaici yana kwance yana ji. In rana ta ɗaga sai lugude, in ta yi tsaka sai dukan mabuga, tim, tim, tim, har bakin tafki kana jin sa. Yanzu injin niƙa ya cinye duk wannan. Ba na zagin sa, ya hutar da ƙugun mata, amma shi ba ya habaici, ihu kawai ya iya.

Bayan da ruwa ya ci tsohon Maradi aka hau tudu, gujiya ta yi kasuwa, kamfanonin anasara suka buɗe kantuna, atamfa ta fara shigo mana. Nan take mutane suka kafa mata doka, ba wanda ya san wa ya fara faɗa. Wai mai haske, ja da kore da ruwan ɗorawa, ta farar mace ce. Baƙa kuwa ta tsaya a baƙin zanenta na rini, in ta kuskura ta sa mai haske sai ta zama kamar gawayi a farar ƙwarya. Haka maza suke faɗi, haka mata suke maimaitawa, har baƙaƙen da kansu.

Matata baƙa ce, ba wankan tarwaɗa ba, baƙa wuluk mai sheƙi, doguwa, mai dogon wuya. Daga Safo na auro ta. A dandalin garinsu makaɗa ba su taɓa yi mata kirari ba, samari kuwa Zangarniya suke ce mata don tsawo da rashin jiki. Abokaina sun ce da rana tsaka na zaɓa amma kamar a duhu na laluba. Ni kuwa abin da na gani tafiyarta ce. In ta ɗauko tulu daga tafki ba ta riƙe shi, ba ta sauri, ba ta waige, kai a tsaye, ruwa ko ɗigo. Innata takan ce, "Yarinyar nan tana tafiya kamar wadda ba ta bar tukunya a wuta ba." Ba yabo take nufi ba.

Sai in faɗi nawa. An taɓa kama ni aka kai lakwal, lokacin da ake rarraba wa gidaje a ba da yara kamar haraji. Ban daɗe ba. Damina ɗaya ta same ni a can, ta biyu ta same ni a gonar Baba, don malamin da ke koya mana, mushe ake ce masa da Faransanci, ya gaji da dukana ya ce kaina busasshen goriba ne. Abin da na fito da shi bonjur ne, da wi mushe, da 'yan kalmomin da ba su kai a cika cokali ba. Amma a unguwarmu ni ne Bafaranshe. In gardi, ɗan sandan kumandan mai mulkinmu, ya zo da magana ni ake kira, in saurara da fuska a murtuke, in faɗi abin da ya fi kama da gaskiya. Matata tun tana amarya ta raɗa mini Mushe, kuma ba ta taɓa faɗinsa ba tare da dariya a ƙarƙashin harshe ba.

Wata rana da kaka, ana cikin hada-hadar gujiya, wani komi, wato akawu, na wani kanti a Maradi ya jingine kekensa a ƙofar zaurenmu. Mutumin bakin teku ne, baƙi kamar mu, da gajeren wando da takalmi mai igiya, Hausarsa ba ta wuce sannu da nawa ba. Ashe ya ga matata tana hawowa daga tafki, ya bi sawu har gida. Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu, aka kira ni. Mutumin ya yi ta zuba kamar ruwan Agusta, yana nuna cikin gida, yana nuna wajen kasuwa. A duk abin da ya faɗa abu uku na cafke. Madam na sani, marshe na sani kasuwa ce, sai wata kalma da yake ta maimaitawa, manike, manike. Na juya ta a baki na ji ta zauna daram da Hausa.

Na ce, "Baba, mai niƙa suke nema. Ranar kasuwa, a rumfarsu."

Baba ya ce, "Niƙa? Matan Maradi sun ƙare ne?"

Na ce, "Ai ka san anasara, hannunsu laushi. Kuma sun ga tsawonta, sun san za ta danna dutse."

Baba ya shafa gemu. Ya ce niƙa ba abin kunya ba ne, uwarsa da shi ta rene su. Ya dubi komi ya ce, "Mai niƙa, ko?" Komi ya washe baki ya ce, "Wi, wi, manike!" Aka yi musafaha, aka fasa goro, kowa ya tashi yana ganin ya fahimci ɗan'uwansa. Ni kuwa na shiga gida ina taku kamar kumandan.

Ranar kasuwa na raka ta. Ta ƙulle ɗan dutsenta a tsumma ta ɗora a ka, don mai niƙa ta gaskiya ba ta son ɗan dutsen wata, hannu bai saba da shi ba. Muka iske rumfar kanti a tsakiyar kasuwa, atamfa jibge turmi kan turmi, kowane da 'yar takarda manne mai hoton matar anasara. Babu hatsi, babu dutse, ko tsaba ɗaya babu. Akwai wani tela Bamaraɗe da kekensa na ɗinki, mai jin Faransanci na gaske, ya taso da igiyar awo.

Matata ta ce, "Malam, ina geron?"

Ya ce, "Wane gero?"

"Na niƙan."

Tela ya dube ta, ya dubi ƙullin da ke kanta, ya dube ni. Da ya gane, sai da ya dafa kekensa don dariya. Da ya samu numfashi ya yi mana bayani. Akwai wata atamfa mai ruwan ɗorawa da koren ganye da ɗigon ja, kanti ya kawo ta da yawa, ta ƙi tafiya, don duk matar da ta ɗaga sai ta ajiye ta ce ta farare ce. Shi ne komi ya ce a samo baƙar mace mai tsayi a ɗaura mata, ta taka daga rumfar mahauta zuwa gindin gawo ta dawo, mata su gani da idonsu. Aikin ke nan. Shi ne manike.

Matata ta juyo ta ce, "Mushe, niƙan naku na lakwal ke nan?"

Na ce mu tafi gida, kuskure ne, zan san abin da zan gaya wa Baba. Ta sa hannu a kan atamfar, ta daɗe tana kallon bayan hannunta a kan ruwan ɗorawan nan. Sai ta sauke ƙullin ta miƙo mini ta ce, "Riƙe mini." Haka na tsaya tsakiyar kasuwar Madarunfa, magidanci da gashin baki, rungume da ɗan dutsen niƙa kamar jariri.

Na ga abubuwa a duniya, na ga jirgin sama ya sauka, na ga ranar da aka sauke tutar anasara, amma in na rufe ido abin da ke fara zo mini fitowarta ce daga bayan asabarin da aka kai ta aka ɗaura mata atamfar. Zane har idon sawu, mayafi a kafaɗa ɗaya, kallabi an kafa shi sama. Ba wanda ya koya mata komai. Tulun da babu shi ta ɗora a ka ta taka. Kasuwa ba ta yin shiru, kowa ya sani, amma ran nan na ji ta tana mutuwa rumfa bayan rumfa, har ana jin kukan akuya daga can kara. Atamfar da ke kwance a rumfa kamar mara lafiya sai ta tashi a jikinta tana ci kamar wuta, baƙin kuma ya ƙara sheƙi. Makaɗin mahauta, wani tsoho mai kalangu, ya saki kiɗan nama ya kama takunta. Ba ta yi rawa ba, ba ta yi murmushi ba, ba ta dubi kowa ba. Ta je gindin gawo ta tsaya, ta juya, ta dawo, mata na biye da ita kamar kaji sun ga tsaba, wannan ta taɓa gefen zane, waccan ta ce a nuna mata ɗaurin kallabi. Kafin la'asar komi ya aika Maradi a ƙaro.

Labari ya riga mu isa gida. Na yanzu ba za su gane zafin abin ba. Matan manoma a lokacin suna fita, suna noma, suna zuwa tafki da kasuwa, ba wanda ya tsare su. Amma a ce matar aure ta yi ado don kasuwa ta kalla, maza da mata, da kiɗa a bayanta, wannan aikin mata masu zaman kansu ne. Baba mutum ne da ake kawo wa shawara a zaure, a masallaci sahun gaba yake. Ran nan wani abokinsa ya tare shi ya ce, "Ashe gidanku kun fara kai rago kasuwa da ƙahonsa a shafe." Baba ya shigo gida a fusace. Na durƙusa na ce laifina ne, ni na juya magana.

Ya ce, "Kai na san jaki na ba lakwal, jaki suka maido mini. Ita fa? Da ta ga babu gero, me ya hana ta juyo?"

Bai yi mata magana ba, suruki ba ya yi. Ta bakin Inna ya aika: ko ta mayar musu da zanensu ta zauna, ko ta koma Safo kafin kasuwa ta zagayo. A gandun Baba nake, ko hauyar da nake noma da ita tasa ce. In ya ce aure ya mutu, ya mutu.

Na same ta da yamma a bakin tafki tana wanki, masunta na jawo koma can nesa. Na zauna na fara lallashi. Na ce zane ne fa kawai, tsumma ne mai launi, a kansa za mu rabu? Ta ci gaba da cuɗa kayanta, sai can ta ce, "Tun ina yarinya in aka kalle ni na san dariya ce za ta biyo. Na saba, har na iya tafiya ba na ji. Ran nan na jira dariyar, Mushe, tun daga mahauta har gawo ina jiran ta, ba ta zo ba. Wata fara sol, matar mai gari, ta riƙe hannuna ta ce in koya mata ɗauri. Ni." Ta matse zane ta yarfa. "Na gaya wa mutanen nan zan yi musu kasuwar Ɗan Issa da ta Sarkin Yamma. Ba zan je in ce ƙarya na yi ba. Baba ubana ne, in ya ce in tafi zan tafi, amma ba zan ce abin da na yi ƙazanta ne ba."

Na buga ƙirji na ce to ni ma Safo, ƙafata ƙafarta.

Ta ce, "Ka je ka ci me? Faransanci?"

Na yi dariya, ita ma ta yi, amma duk mun san gaskiya ta faɗa.

Kwanakin da suka biyo gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Da asuba tana niƙa kamar kullum amma babu waƙa. Inna ba ta ce uffan ba, ni kuma na ɗauka murna take, tun da dama ba ta taɓa yabon tafiyar ba. Na yi ta kai gwauro ina kai mari, na je wurin kawuna, na je wurin liman, kowa ya ce in yi haƙuri, uba uba ne. A nan na fara sanin wayon da nake taƙama da shi na zaure ne kawai, ba ya ɗaukar kaya.

Ranar tafiya, da hantsi, na ɗaura wa jaki kayanta da hannuna, ƙwarya da tabarma da 'yar tukunya. Baba na zaune ƙofar turakarsa yana jan carbi, bai ɗaga kai ba. Matata ta shiga ɗakin Inna sallama. Suka daɗe. Da asabari ya ɗaga, Inna ce ta fara fitowa, kuma atamfar nan ce a jikinta, ruwan ɗorawa da koren ganye, kallabi a kafe sama irin na ranar kasuwa. Inna gajera ce, ta tsufa, ƙafarta ɗaya na ciwo. Kuma baƙa ce. Wallahi sai ran nan na lura, uwar da ta haife ni, don ban taɓa ganin ta cikin wani abu ba sai baƙin rini, ita da zanen sun zama abu ɗaya a idona.

Carbi ya tsaya. Baba ya ce, "Ke, lafiyarki? Da tsufanki?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ɗiyar mutane zan raka. Ni na karɓo ta, ni zan mayar. Ta cikin kasuwa za mu bi, ya fi kusa."

"A haka?"

"A haka." Ta gyara mayafi. "Tun da atamfa ta shigo garin nan kake zuwa Maradi. Ka sayo wa ƙanwarka ja, ka sayo wa matar wanka kore, ni ka riƙo mini baƙi ka ce shi ya dace da ni. Ban taɓa musu ba, na ɗauka haka Allah Ya tsara. Ran nan ina rumfar masu kuka yarinyar nan ta wuce ta gabana. Na koma gida ban sayi kukar ba." Ta matso gabansa. "Dube ni da kyau, Malam. In muni ne ka faɗa, in tuɓe."

Baba ya ajiye carbi. Ya dube ta, ya kawar da kai, ya sake duba. Kaji na ta tsattsaga a tsakar gida, jaki na kaɗa kunne. Can ya miƙe, ya zo ya ture ni gefe, ya kama igiyar da na ɗaure kaya ya kwance da kansa, ya sauke ƙwarya ya ajiye a ƙofar ɗakinmu. Ya ce wa Inna, ba tare da ya kalle ta ba, "Tuɓe na mutane ki ba mai shi." Ya juyo kaina ya ce, "Kai kuma, tun da kai ka jawo, duk kasuwar da za ta taka kana bayanta. A san da mijinta." Ya saɓa buzunsa ya fita.

Haka na zama ɗan rakiyar manike. Mun yi Ɗan Issa, mun yi Sarkin Yamma, tana gaba tana taku, ina baya da sanda ina harare-harare kamar wanda aka ba tsaron rumbu, yara na bi na suna kwaikwayon tafiyata. Ba wanda ya ɗauke ta hoto. Masu hoto a lokacin sai Maradi, kuma ba wanda ya yi tunanin abin na ajiyewa ne. Ta yi kaka biyu ko uku tana yi, haihuwa ta zo, kantin ma ya tashi, ta koma tulunta da dutsenta. Ta riga ni tafiya da daɗewa, Allah Ya haskaka kabarinta. Mutanen da suka ga takun nan sun ƙare, saura ni, ni ma ƙafa ɗaya na waje.

Amma kafin duk wannan, ana gab da ƙaramar salla, muna rumfar kanti a Madarunfa ta dawo daga gawo ke nan tana shan ruwa, sai ga Baba. Bai taɓa taka wajen ba. Mutane suka buɗa masa, abokin nan nasa mai maganar rago yana tsaye kusa yana kallo. Matata ta durƙusa ta sunkuyar da kai, ni na rasa inda zan sa sandata. Baba ya yi sallama, ya ce wa tela turmi ɗaya yake so, na tsohuwarsa.

Tela ya ce, "Wace iri, Baba? Akwai baƙa mai kyau, ta manya."

Baba ya ɗaga murya yadda har mahauta sai da suka ji.

Ya ce, "Ba baƙa ba. Irin wadda ɗiyata take sawa."